Yadda ake gano aikin ƙwaƙwalwa daga inda ta lalace

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka daga nan birnin Faris. Ku matso ku dubi allon kwamfutar nan. Hoton ƙwaƙwalwar wani mara lafiya ne da aka ɗauka da MRI, na'urar da ke ɗaukar hoton cikin jiki, an goge sunansa. Baƙin gurbin nan shi ne inda jini ya yanke wa ƙwaƙwalwa har naman wurin ya mutu, wato shanyewar ɓarin jiki. Kuna ganinsa a dama, amma a hagun mutumin yake, domin ta haka likitocin hoto ke jera shi, kamar kana fuskantar mai shi. Wanda ya manta da wannan ya juyar da sakamakonsa gaba ɗaya.

A garin nan aka kafa tushen wannan hanya. A 1861 likita Paul Broca ya duba wani mutum mai suna Leborgne a asibitin Bicêtre, wanda ya shafe shekara 21 kusan ba abin da ke fita bakinsa sai "tan", alhali yana fahimtar maganar mutane. Da ya rasu, Broca ya ga rauni a gaban ƙwaƙwalwarsa ta hagu, ya ce nan ne mazaunin furta magana.

Yanzu ba a tsayawa kan mutum ɗaya. Ana tara marasa lafiya da yawa, a ɗauki hoton kowa, hoton da ya kasu ƙananan akwatuna masu faɗin milimita 1. Sai a bi shi yanka-yanka ana zagaye gefen raunin da hannu, kamar yadda nake yi da jan layin nan. Aikin na cin sa'o'i, kuma ya kamata mai zanen ya kasance bai san sakamakon gwajin mara lafiyar ba, kada hannunsa ya karkata. Bayan haka a daidaita kowace ƙwaƙwalwa kan ma'auni guda, galibi na Montreal da aka haɗa daga hotunan ƙwaƙwalwar mutum 152, tunda kan kowa da girmansa. Sannan a gwada kowa, misali a nuna masa hoton kujera ya faɗi sunanta. A kowane akwati a kwatanta makin waɗanda wurin ya lalace musu da na waɗanda nasu lafiya lau. Tun 2003 wannan salon ya yaɗu.

To ga inda ake tafka kuskure, kuma shi ya fi damuna. Rauni ba ya bin iyakar aiki, hanyar jijiyar jini yake bi. Babbar jijiyar da ke ciyar da gefen ƙwaƙwalwa ita ta fi toshewa, don haka wurare biyu da ke sha daga reshe ɗaya kusan kullum tare suke mutuwa. Lissafi sai ya ɗora laifin kan maƙwabcin da ba ruwansa. Ga kuma girman rauni: mai babban rauni ya fi faɗuwa a kowane gwaji, dole a cire tasirin wannan.

Lokaci ma abin lura ne. A makon farko akwai kumburi, kuma wuri mai nisa da raunin kan yi shiru don saƙo ya daina isa gare shi. Bayan wata 6 kuwa wasu sassa sun fara karɓar aikin.

Mu koma kan Leborgne. Broca bai yanka ƙwaƙwalwarsa ba, samanta kawai ya duba ya adana ta. A 2007 aka wallafa hotunan MRI da aka ɗauka mata, sai ga raunin ya nutsa ciki sosai, ya tsinke zarurrukan da ke haɗa gaban ƙwaƙwalwa da bayanta. Shi ya sa a taswirar da zan buɗe muku yanzu, ban da jan gurbin raunin akwai layuka masu launi, su ne hanyoyin da raunin ya yanke.