Hofstede da makin 80: yadda ake auna tasirin malami, da inda ma'aunin ke zamewa

Assalamu alaikum, ɗalibanmu na Jidda da Makka da Madina da Riyad.

Duk mai rubuta kundin digiri na biyu a kan shugabanci ko halayyar ma'aikata, da wuya ya gama babi na biyu bai ci karo da sunan Geert Hofstede ba. Mutumin Holan ne, an haife shi a 1928, ya rasu a 2020. Yana cikin malaman da aka fi kafa hujja da su a fagen nazarin zamantakewa baki ɗaya.

Aikin da ya ɗaukaka shi a kamfanin IBM ya yi shi. Daga 1967 zuwa 1973 an tattara takardun tambayoyi kimanin 116,000 daga ma'aikatan kamfanin a ƙasashe da dama. Da su ya rubuta littafinsa na 1980, inda ya jera ƙasashe 40 bisa ma'auni huɗu: tazara tsakanin shugaba da na ƙasa da shi, gudun abin da ba a san ƙarshensa ba, fifita kai a kan jama'a, da fifita gasa a kan tausayi. Daga baya aka ƙara biyu, suka zama shida.

To ta yaya ake auna tasirin irin wannan malami? Ana fara ƙirga sau nawa wasu suka ambaci aikinsa a nasu rubutun. Sai kuma ma'aunin "h", wanda Jorge Hirsch ya fito da shi a 2005. Idan aka ce "h" ɗin malami 20 ne, ana nufin yana da rubuce-rubuce 20 da aka ambaci kowannensu aƙalla sau 20. Kada ku gwada lambar Google Scholar da ta Scopus, shafuka biyu da ke ƙirga wannan ambato. Na farko yana kwashe kusan komai, har kundayen ɗalibai; na biyu mujallun da ya tantance ya fi ƙirgawa, kuma yakan tauye wanda ƙarfinsa a littafi yake. Abin da aka rubuta da Larabci kuwa kaɗan ne ke shiga lissafin.

Ga inda gizo ke saƙa. Ƙirgen bai san yabo ba, bai san suka ba. A 2002 Brendan McSweeney ya yi wa Hofstede raddi mai zafi, yana cewa ba a auna al'adar ƙasa da ma'aikatan kamfani ɗaya. Wannan raddin ma ambato ne, ya ƙara wa Hofstede lamba ɗaya.

Yanzu mu dawo gida. Ɗalibi ya buɗe tsohon jadawalin makin da Hofstede ya ba ƙasashe, ya ga ƙasashen Larabawa na da maki 80 a tazarar shugabanci, sai ya rubuta: "Saudiyya tana da 80." A'a, malam. Wannan makin na ƙasashe bakwai ne da aka dunƙule wuri ɗaya: Masar, Iraƙi, Kuwaiti, Labanan, Libiya, Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Haka aka haɗa Najeriya da Gana da Saliyo aka kira su Afirka ta Yamma, aka ba su 77. Babu Sudan a ciki, babu Nijar. Kuma waɗanda suka amsa tambayoyin ma'aikatan kamfanin kwamfuta ne na shekara hamsin da suka wuce, ba direban bas ɗin alhazai ba, ba mai shago a kasuwar Bab Makka ba.

Kuskure na biyu ya fi yawa, shi kansa Hofstede ya sha jan kunne a kai. Makin na ƙasa ne, ba na mutum ɗaya ba. Ba za ka raba tambayoyin ga ma'aikatan otal guda a Madina ba, sannan ka ce wane ya fi wane tsoron maigida.

Idan kuwa lallai da ma'auninsa za a yi aiki, akwai takardar tambayoyinsa, sigar 2013, mai tambaya 30: 24 na ɗabi'u, 6 na bayanin mai amsawa. Kwatanci ake yi da ita, don haka sai da ƙasa biyu ko fiye. Rukunonin su yi daidai a sana'a da shekaru da zurfin karatu da jinsi, misali ma'aikatan jinya na Jidda da takwarorinsu na Kano. A nemi mutum 50 a kowane rukuni. Ƙasa da 20 ba ya karɓuwa, domin amsar mutum ɗaya na iya karkatar da sakamako. Idan an fassara tambayoyin zuwa Hausa ko Larabci, a ba wani wanda bai ga na asali ba ya mayar da su Turanci, a ajiye biyun gefe da gefe. Duk tambayar da ta dawo da wata ma'ana daban, a sake fassara ta kafin a raba ko takarda ɗaya.