Amsoshin Tambayoyinku: Me Ke Hana Irin Alayyahon Turawa Tsirowa?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani malami mai noman lambu a kusa da Kano, wanda ya ce ya sayi irin alayyahon Turawa ya shuka a watan Afrilu, ya yi ta ban ruwa safe da yamma har mako biyu, amma tsiron da ya fito bai taka kara ya karya ba. Yana tambaya ko mataccen iri aka sayar masa.

Malam, da wuya a ce irin ya mutu. Alayyahon da muka saba sawa a miyar taushe ɗan zafi ne, ƙwayarsa 'yar ƙarama ce baƙa mai sheƙi, kuma rana ba ta dame shi ba. Wanda ka shuka kuwa tsiro ne dabam, asalinsa daga ƙasar Farisa, wato Iran ta yau, kuma ɗan sanyi ne. Irinsa yana iya tsirowa ko da zafin ƙasa bai wuce digiri 5 a ma'aunin Selshiyos ba, sai dai yakan ɗauki kusan mako uku, alhali a digiri 15 zuwa 20 mako ɗaya ya ishe shi. Da zarar ƙasa ta haura digiri 25 sai yawan masu tsirowa ya fara raguwa sosai, idan kuma ta kai 35, kusan babu ƙwayar da za ta motsa. Ƙasar lambu a Kano cikin bazara kuwa, kowa ya san ko takawa ba a yi da tsakar rana ba takalmi.

Amma zafi ba shi kaɗai ke aikin ba, kuma a nan ne abin ya fi ban sha'awa. Abin da ke cikin leda, wanda muke kira iri, a haƙiƙa busasshen ɗan itacen ne ɗungurungum, ainihin ƙwayar tana ƙunshe a cikin wani ɓawo mai tauri. Idan ka zuba shi a tafin hannu za ka ga launinsa kamar na busasshiyar ƙasa, wani mulmulalle, wani kuma da 'yan ƙayoyi. Wannan ɓawon yana ɗauke da sinadaran da ke danne tsiro, sannan idan ya sha ruwa ya ƙoshi sai ya toshe wa ƙwayar hanyar samun iskar oksijin. Ga shi kuma ruwa mai ɗumi bai kai mai sanyi riƙe wannan iska ba, a daidai lokacin da zafi ke ƙara wa ƙwayar buƙatarta. Saboda haka ban ruwan nan da ka yi ta yi da kyakkyawar niyya, mai yiwuwa shi ne ya ƙarasa shaƙe ta. Masu bincike sun sha ɓare ɓawon su shuka ƙwayar tsirara, suka ga tana tsirowa a zafin da mai ɓawo ba ta iya ba, haka nan manyan ƙwayoyi masu kaurin ɓawo su ne suka fi wahala a cikin caɓi.

Ba na ba ka shawarar zama kana ɓare iri ɗaya bayan ɗaya, domin wahalar ba ta biyan kanta. Ka jira hunturu, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Janairu. Mutanen Jos su ne sanyin tudunsu ya ba wa sarari fiye da haka. Ka jiƙa irin kwana ɗaya a ruwan randa, ka zubar da ruwan, ka bari ya tsane, sannan ka shuka da yamma, zurfin santimita 1 zuwa 2 a ƙasar da ba ta riƙe ruwa. Ka rufe fangalin da busasshiyar ciyawa kaɗan, ka riƙa yayyafi daidai yadda ƙasa za ta yi laima kawai.