Kwatar Ƙofar Gidanka, Ina Take Zuwa?

Assalamu alaikum. Iyayenmu masu unguwanni, malamaina, matasan da suka shirya wannan zama a Katsina, Allah ya saka da alheri.

Zan fara da abin da na gani ranar Laraba a unguwarmu. Wani yaron makaniki ya gama juye baƙin man wata mota a cikin tsohon galan da aka yanke bakinsa. Ya duba hagu, ya duba dama, ya tuttule shi a lambatu. Na ce, "Kai yaro, ina kake aika shi?" Ya ce, "Baba, ai ruwa zai tafi da shi." Gaskiya ya faɗa. Amma da na ce zuwa ina, sai ya yi shiru.

To, wannan shirun shi ne laccar tamu ta yau.

Kwatar da aka gina a gefen titi, don ruwan sama aka gina ta. Ba ta bi ta wani injin tacewa. Abin da ka zuba, shi ruwa zai ɗauka yadda yake: baƙin mai, ruwan batir, jinin mahauta, ruwan rini, ledar fiya wata, har da abin da wasu ke sakowa daga masai in hadari ya haɗo, wai kada a gani. A cikin birnin nan, da yawa daga cikin kwatocinmu rafin Ginzo suke gangarawa. Wanda ya taɓa bi ta Ƙofar Marusa ko Ƙofar Durɓi da rani ya san abin da ake yi da ruwan. 'Yan lambu ne ke ban ruwa da shi. Latas, kabeji, alayyafo. Wato man da yaron nan ya zubar ranar Laraba yana iya dawowa gidansu a cikin kwaɗon salak. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce baƙin man juyi ɗaya na mota zai iya ɓata ruwan sha galan miliyan 1.

Wasu ƙasashe sun samo wata dabara mai arha. A Kanada, a birnin Kalgari, shekarar 1991, wata ƙungiya mai suna Trout Unlimited ta fara fita da 'yan makaranta suna zana kifi da ruwan ɗorawan fenti a bakin kowace kwata, sannan su bi gida-gida suna bayani. A Amurka kuma 'yan sa kai na rubutawa a kan murfin kwata cewa kada a zuba komai, nan rafi kaza yake zuwa, su ambaci sunan rafin. Ba doka ba ce, ba tara. Tunatarwa ce a daidai wurin da hannu ke shirin zubarwa.

Amma ina roƙonku kada mu kwaso kifinsu. Bakatsine bai haɗa kwata da kifi a ransa. Ni da za a bi tawa, hoton latas za mu zana, ko rijiya da guga, a rubuta a ƙasa: "Wannan ruwan lambu yake zuwa." A rubuta da boko, a rubuta da ajami. Kar ku raina ajamin nan. Almajirin da uwar gida ke ba shara ya kai bola, ya gaji a hanya ya juye ta a kwalbati, ajamin zai fi saurin karantawa.

Kuma kafin a tsoma buroshi a fenti, a bi kwatar da ƙafa har ƙarshenta. Wata Ginzo take faɗawa, wata kududdufin bayan unguwa, inda yara ke iyo, dabbobi ke sha. A rubuta gaskiyar inda take zuwa. In kuka yi ƙarya a bango ɗaya, dattijon unguwa zai gane, shi ke nan kun zubar da sauran.

Kayan aikin ba su da yawa. Kwali mai kauri ko tsohon gwangwanin kwano a yanke rubutun a jiki, fentin mai, tsintsiya, safar hannu. A share simintin, a bari ya bushe, don fenti ba ya kama danshi. Shi ya sa aikin na rani ne, kafin ruwan farko na Mayu ko Yuni, wanda shi ne mafi ƙazanta, don shi ke kwashe dattin wata bakwai. A nemi izinin mai unguwa da hukumar kare muhalli ta jiha, wato SEPA, tukuna. A kuma sami liman. Ya san hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, wanda ya hana bahaya a mashaya da tsakiyar hanya da inuwa, ya fi ni iya jan hankali da shi.

Na san wani zai ce, "Malam, fenti zai hana ambaliya?" Ba zai hana ba. Ambaliyar Jibiya ta 2018 ba rubutu ne zai tare ta ba, kuma wanda ba a ba shi wurin zuba shara ba dole ya nemi inda zai zuba. Makanikin nan ma, sai an nuna masa durom ɗin da zai tara man. Akwai masu saye don shafa wa katako saboda gara. Na faɗa wa ubangidansa haka, ya ce in ya sami durom zai gwada.

Na ga ana ɗaga mini hannu, la'asar ta kusa. Wanda ke da tambaya, bismillah.