Me ya sa depite ba ya iya gina muku asibiti da doka?

Jama'a, assalamu alaikum. Lokacin kamfe ne, ɗan takarar depite, wato ɗan majalisar dokoki ta Kamaru, ya tsaya a bakin kasuwar Garwa ko ta Marwa, ya ce: "Ku aike ni Yawunde, zan kawo dokar ƙarin albashin malamai, zan gina muku asibiti." Aka yi tafi, aka yi guɗa. To, shin yana da wannan ikon?

Tsarin mulkin Kamaru na 1996 ya bai wa shugaban ƙasa da 'yan majalisa damar gabatar da ƙudurin doka. Amma sashe na 18 ya ɗaure hannun depite a wuri guda, wato wajen kuɗi. In ƙudurinsa zai rage abin da ke shiga baitulmali, ko ya ƙara wa gwamnati nauyin kashewa, ba za a karɓe shi ba, sai ya nuna inda za a rage wani kashewar daidai da wannan, ko inda sabon kuɗi zai fito. Ko gyaran fuska yake son yi wa dokar gwamnati, ƙa'idar ɗaya ce. Masu tantancewa kuwa taron shugabannin majalisa ne, don haka ƙuduri na iya mutuwa tun bai shiga zaure ba. Sanatoci ma haka.

Ba Kamaru ta ƙirƙiro wannan ba. A Faransa, sashe na 40 na tsarin mulkin 1958 ya ma fi tsauri: ƙarin kashewa haramun ne ga ɗan majalisa, ko da ya kawo madadin. A Ingila kuwa tun 1713 majalisar wakilai ba ta duba buƙatar kuɗi sai gwamnati ta nema.

Hujjar ba ta da wuyar ganewa. Depite 180 ne, kowa da garinsu. In kowa ya sa cokali a tukunya, me zai rage? Gaskiya ne. Sai dai ni a ganina tsadar abin ita ce, mai riƙe da lissafin baitulmali shi ne minista, shi kuwa depite daga Kuseri ina zai samo alƙaluman da zai kafa hujja da su?

Abin da ya rage masa shi ne zaman watan Nuwamba, lokacin kasafin kuɗi: ya titsiye minista da tambaya, ya matsa har a sa asibitin naku cikin layin ma'aikatar lafiya.