Bonobo a Hannun Mutum: Yadda Ake Kula da Shi a Gidajen Namun Daji

An rubuto wannan daga faifan wata lacca da aka gabatar wa ɗaliban likitancin dabbobi a Sakkwato. An rage gaishe-gaishe da maimaici.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Malamaina, 'yan uwa ɗalibai, assalamu alaikum.

Dabbar da za mu tattauna a kanta yau ba ta rayuwa a dajin Najeriya. Bonobo, wani babban biri, ƙasa ɗaya tak yake da ita a duniya, Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, can ma sai a kurmin da ke kudu da Kogin Kwango. Amma ɗan uwansa na kusa, wato chimpanzee, wanda mutanenmu na yankin gandun dajin Gashaka Gumti ke kira biri mai ganga, namu ne, kuma wata rana wani cikinku zai tsaya gaban kejinsa da sirinji a hannu. Yawancin abin da aka koya a kan bonobo zai yi muku aiki a ranar.

An daɗe ana ɗaukar su abu ɗaya. Sai a 1929 masanin dabbobi Ernst Schwarz ya bayyana cewa wani ƙoƙon kai da ke gidan tarihi na Tervuren a Beljiyam ya bambanta da na biri mai ganga, sannan a 1933 wani masanin, Harold Coolidge, ya tabbatar bonobo jinsi ne mai zaman kansa. Bonobo ya fi siririn jiki da dogayen ƙafafu, fuskarsa baƙa tun yana jariri, leɓɓansa ja-ja, gashin kansa a rabe a tsakiya kamar an yi masa tsaga. Namiji yakan kai kilo 40 zuwa 45, mace 30 zuwa 35. Bahaushe ya ce biri ya yi kama da mutum, to wannan ko wutsiyar ma ba shi da ita. Sama da kashi 98 cikin ɗari na ƙwayoyin gadonsa iri ɗaya ne da namu, kuma ga likita ma'anar wannan guda ce: cutar da ta kama ka za ta iya kama shi.

Duk gidajen namun daji na duniya, bonobon da ke cikinsu ɗari biyu ne da 'yan kai, kusan dukkansu a Turai da Amurka: Furankfot da Sututgat a Jamus, Apenheul a Holan, Twycross a Ingila, San Diyego da Milwoki a Amurka. Littafin nasabarsu na duniya yana gidan namun daji na Planckendael a Beljiyam, inda ake rubuta wane ne ya haifi wane, domin da yawansu kaɗan ne haka auren zumunci zai iya lalata zuri'ar cikin 'yan shekaru. Haihuwa ta farko a hannun mutum an same ta a Furankfot a 1962, kuma uwar, Margrit, ta rayu har 2022, tana da kimanin shekara 70. Wanda ya karɓi bonobo ya ɗauki amanar da za ta iya wuce tsawon aikinsa na gwamnati.

Yanzu ga jigon maganata. Wanda zai kula da bonobo, jama'a guda zai riƙe, da iyayenta da 'ya'yanta da tsarin zamanta. Gini da abinci da magani duk bayan wannan suke zuwa.

A daji mata ke riƙe da gari. Mace ɗaya ba ta kai namiji ƙarfi ba, amma sukan haɗa kai su kore shi daga kan abinci. Idan budurwa ta kusa balaga sai ta bar garkensu ta shiga wani, ta raɓi wata babbar mace har a karɓe ta. Namiji kuwa ba ya barin uwarsa har abada. Ƙato ne mai shekara ashirin, amma in rikici ya tashi gun uwa yake gudu, kuma darajarsa a garke ta uwarsa ce. Gidajen namun daji sun yi shekaru suna yin akasin haka, suna ɗauke samari su aika wani gida don kiwo, kamar yadda ake sauya bijimi a garken shanu. Abin da ya biyo baya ba daɗin gani: saurayi ya isa baƙon wuri ba mai tsaya masa, mata su taru a kansa, su cije masa yatsun hannu da na ƙafa, wani lokaci har su gutsure. Yanzu ƙa'idar ita ce ɗa namiji ya zauna da uwarsa, 'yan mata ake tura wa wasu gidaje idan sun kai shekarun da za su yi ƙaura a daji.

Haɗa baƙuwa da garke ba a yin sa rana ɗaya. Da farko a ajiye ta inda za su ji muryar juna. Sai a buɗe su ga juna ta raga, a lura ko suna miƙa hannu, suna tsefe wa juna gashi ta cikin ragar. Daga nan a haɗa ta da mace ɗaya mai sanyin hali, a ƙara ɗaya bayan kwanaki, a bar mafaɗata zuwa ƙarshe. Yana iya cin makonni, yana iya cin watanni. Gaggawa a nan ita ke kawo ɗinki.

Akwai wata ɗabi'a da dole in faɗa, da neman afuwar iyayenmu da ke zaune. Bonobo na kashe rikici ne da cuɗanyar jiki, har da ta al'aura, musamman lokacin da aka kawo abinci kuma rai ya fara ɓaci. Sabon ma'aikaci kan ga haka ya nemi raba su. Kuskure ne babba. Wannan ita ce hanyar sulhunsu, in ka toshe ta sai faɗa ya maye gurbinta.

Labarin Brian ya nuna abin da nake nufi. Saurayin bonobo ne da aka kai Milwoki a 1997 bayan ya taso cikin wahala. Yana amai sau da yawa a rana, yana ciccire faratansa, ba ya iya cin abinci a gaban kowa. Sai da aka kira likitan ƙwaƙwalwar mutane, Harry Prosen. An ba shi magani, an tsayar masa da lokaci: abinci a wuri ɗaya, a sa'a ɗaya, kullum, kuma sabon abu ba ya shiga ɗakinsa sai ya gan shi ya saba. Amma masu kula da shi sun ce babban abin da ya warkar da shi manyan garken ne, musamman wani namiji mai suna Lody da ke kama hannunsa ya ja shi in tsoro ya daskarar da shi. Bayan shekaru Brian ya zama cikakken ɗan garke.

Gini kuma daga wannan zaman ake zana shi. Kowane ɗaki ƙofa biyu aƙalla, kada a bar lungun da za a ritsa wani. A yi ɗakuna da yawa masu haɗe da juna, domin a daji garke kan rabu da safe ya sake haɗuwa da yamma, kuma a gidaje masu kyau ana sauya wa ke kwana da wa. Tsawo ya fi faɗi amfani: igiyoyi, ginshiƙai, dakali a sama. Kowane dare bonobo na yin sabuwar sheƙa, saboda haka a zuba masa ciyawa busasshiya ko ganye mai yawa kowace yamma. Ƙofofi daga waje ake ja, ma'aikaci ba ya shiga wurin babba, kuma a duba kwaɗo sau biyu, don suna kallon hannunka suna koyo. Ramin ruwa da ake zagaye fili da shi yana da haɗari, domin ba su iya iyo ba. In za a yi shi, gefensu ya zama gangare mara zurfi, da raga ko igiya a ƙarƙashin ruwa da za su kama. Hayaniya ma cuta ce. An ruwaito cewa lokacin yaƙin duniya na biyu, da aka yi ruwan bama-bamai a Munik ta Jamus, bonobon gidan Hellabrunn sun mutu don firgita, alhali biran ganga da ke kusa da su sun tsira.

Mu zo kan abinci, inda tausayi ke yin ɓarna. Kowa ya ji an ce 'ya'yan itace suke ci, sai ya cika musu kwano da ayaba da mangwaro da kankana. Ku tuna goriba. Yaro zai yi rabin sa'a yana gwaguyarta, zaƙin kaɗan, zaren da yawa. Ko aduwa, ko magarya. 'Ya'yan itacen kurmin Kwango sun fi kusa da waɗannan a yawan zare da ƙarancin sukari, ban da haka bonobo na cin ganye da ɓargon wasu tsirrai na ƙasa sosai, wani lokaci da ɗan naman gada. Mangwaro ɗan aure kuwa alewa ce a wurinsa. Sakamakon shi ne ƙiba, ruɓewar haƙora, ciwon sukari, da wata mummunar ɗabi'a ta yin amai a sake lashewa, saboda abincin ya ƙare cikin minti goma ga yini guda a gaba ba abin yi. Gidajen da suka gane sun juya kwanon: mafi yawa ganye da kayan lambu, irin su latas, kabeji, alayyafo, karas, kokwamba, da rassa masu ganye da aka tabbatar ba su da guba, sai ɗan dunƙulen abincin birai na kamfani don cike sinadarai. Zaƙi a ajiye shi don lada wajen horo. A raba abincin sau huɗu zuwa shida a rana, a watsa shi ko'ina cikin ciyawa, a cusa wani cikin bututu ko gungume mai huji. In ka tara shi wuri ɗaya manyan mata za su zauna a kai, ƙaramin namiji ya kwana da yunwa kana rubuta cewa garke ya cinye. Shi ya sa ake auna nauyin kowanne a kai a kai.

Cututtuka biyu ne suka fi kashe su. Na farko na numfashi. Murar da za ta sa ka atishawa kwana uku tana iya zama ciwon huhu a jikin bonobo ta kashe jariri. Suna da wata jakar iska a maƙogwaro da kan cika da mugunya, ruwan ya gangara huhu. Don haka ma'aikaci mai mura ba ya zuwa aiki, mai shiga ya sa takunkumi da safar hannu, ya taka ruwan magani a bakin ƙofa, kuma gilashi ya raba su da 'yan kallo. Sabon zuwa a killace shi kwana 30 aƙalla, wanda aka ƙwato daga hannun 'yan fasa-ƙwauri kuwa kwana 90. A ciki a duba kashinsa don tsutsa sau da yawa, a yi gwajin tarin fuka a fatar ido ta sama, inda za ka ga kumburi daga nesa ba sai ka kama shi ba, a duba bayan sa'a 24, 48 da 72.

Na biyu ciwon zuciya, wanda ke kan gaba wajen kashe manya. Tsokar zuciya na rikiɗa ta zama tabo a hankali, sau da yawa tare da hawan jini, kuma dabbar ba ta nuna alama sai ta faɗi. Matsalar ita ce allurar barci, da za ka yi don ka duba zuciyar, ita kanta tana iya tsayar da zuciya mai rauni, kuma tana sauya awon da kake nema. Mafita ita ce horo. Ana koya masa ya manna ƙirjinsa a raga, a ba shi lada. In ya saba, a taɓa ƙirjin da sanda. Sai a shafa man nan mai sanyi na ɗaukar hoton cikin jiki, wanda da yawa ke ƙi da farko. Sai a kawo kan na'urar hoto a kashe, daga baya a kunna. Kowane zama 'yan mintuna ne, a tsaya tun bai gaji ba, kuma in ya tashi ya tafi a ƙyale shi. Da haka ake ɗaukar hoton zuciya yana farke, a auna hawan jini ta yatsa, ya miƙo hannu a yi masa allura. Milwoki na cikin waɗanda suka fara wannan, kuma tun 2010 akwai shirin da ke tara bayanan zukatan manyan birai daga gidaje daban-daban.

Wata ɗaliba ta yi tambaya ko za a iya kawo bonobo Sakkwato, kuma me za a yi in an ga jaririn biri ana sayarwa.

Madalla, ɗiyata. Ta farko, a'a. Dabba ce ta kurmi mai danshi, inda zafi ke tsakanin digiri 20 da 30. Mu nan bazara na haura 40, hunturu kuma ga bushewa ga ƙura, ga huhun da na gaya muku halinsa. Sai gini mai sanyaya iska da ƙara mata danshi, da wutar da ba ta ɗaukewa, da garke guda. Kuma yarjejeniyar CITES, ta duniya kan cinikin namun daji masu fuskantar ƙarewa, ta hana cinikinsa tsakanin ƙasashe.

Ta biyu ta fi kusa da mu, domin tana faruwa da biri mai ganga. Uwa na ɗaukar ciki wata takwas, ta shayar shekara huɗu zuwa biyar, ba ta sakin ɗanta tana da rai. Jaririn da kika gani a kwali, an harbe uwarsa. Kada ki saya ko don tausayi, kuɗinki ne zai mayar da maharbin daji. Ki sanar da hukumar gandun daji. In aka damƙa miki shi kafin a kai shi matsuguni, ki fara da ɗumi da ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan, sannan madarar jarirai ta gwangwani duk bayan sa'a biyu zuwa uku, ban da nonon shanu, yana sa su zawo. Ki duba ƙugunsa, igiyar da aka ɗaure shi da ita takan ci fata ta yi gyambo. Kuma mutum ɗaya ya riƙe shi a jiki dare da rana, da takunkumi. A Lola ya Bonobo, matsugunin da Claudine André ta kafa a 1994 kusa da Kinshasa, sun ga marayun da ba su da wata cuta suna ƙin abinci har su mutu. Shi ya sa kowane maraya ake ba shi mace guda ta zama uwarsa, ta goya shi, ta yi masa wanka, har ya yarda ya shiga cikin sauran yara. Daga cikin waɗanda aka raina haka ne aka fara mayar da wasu daji a 2009, a Ekolo ya Bonobo, kusa da garin Basankusu.