Idan rigima ta taso, kada a taɓa waya: jawabi ga ƴan Maraɗi mazauna Faransa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malam shugaba, iyayenmu dattawa, Alhazai da Hajiyoyi, yayyenmu da ƙannenmu, da baƙinmu da suka taso daga Beljiyam, sannunku da zuwa, sannunku da ƙoƙari. An ba kwamitinmu ɗan lokaci mu yi magana a kan abin da ke aljihun kowa, wato waya, da yadda mai gaskiya kan kashe shari'arsa da hannunsa tun kafin a shiga kotu.

Abubuwan da ke kai mu gaban alƙali sanannu ne. Kuɗin da aka tura gida a sayi fili a unguwar Zariya ko a ɗora gini a Ali Ɗan Sofo a Maraɗi, aka wayi gari ba fili ba kuɗi. Kayan da aka ba ɗan kasuwa bashi. Adashin da ya watse. Mai aikin da ya sallami mutum bai biya shi awoyinsa ba. Rabuwar aure da riƙon yara. Akasari ba takarda, amana ce aka ƙulla da baki, bakin kuwa yau yana cikin WhatsApp: saƙon murya, hoton rasit, hoton tubali da siminti da aka turo don a kwantar maka da hankali.

Doka ta yarda da waɗannan, amma da sharaɗi. Sashe na 1366 na kundin dokar farar hula ta Faransa ya ba rubutun na'ura ƙarfin rubutun takarda, muddin za a iya tabbatar da wanda ya rubuta, kuma an adana shi yadda ba a taɓa shi ba. Bashin da ya haura yuro 1,500 rubutu ake nema a kansa, ko da yake alƙali kan sassauta idan tsakanin dangi ne, inda kunya ba ta bari a ce "rubuta mini". A gida, dokar kasuwanci ta OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci ta ƙasashen Afirka, da Nijar ke aiki da ita, wadda aka sabunta a 2010, ta ce a sashe na 5 ana iya kafa hujja a kan ɗan kasuwa ta kowace hanya, har ta na'ura. Masu hulɗa da Katsina da Kano kuma su sani, sashe na 84 na dokar shaida ta Najeriya ta 2011 yana neman bayani a kan na'urar da ta fitar da shaidar da lafiyar aikinta. Ka kai tulin takardun da ka buga ba tare da wannan ba, ana iya ture su gefe tun ba a karanta ba.

Inda aka fi yin asara shi ne lokacin sulhu. Mu mutanen sulhu ne, kuma alheri ne: a kira kawu, a kira liman, a jira bayan salla, a jira wane ya dawo daga tafiya. Wata shida, shekara. A cikin jiran nan waya ta faɗa ruwa, ko an sayi sabuwa an aika wa ƙane tsohuwar bayan an wanke ta tas, ko ta cika an share bidiyo da saƙonnin murya don a samu wuri. Wani layinsa na Nijar ne ya mutu aka ba wani lambar. WhatsApp kan rufe asusun da ya yi kwana 120 ba a hau shi ba. Kada kuma wani ya sa rai kamfanin zai maido masa da hira: saƙon da ya isa ba ya zama a wurinsu, a wayarka da wayar abokin maganarka kawai yake. A yi sulhu, amma a adana shaida tun ranar farko. Adana shaida ba yanke zumunci ba ne.

Ranar da ka ji ƙanshin rigima, fara da kashe tsarin saƙo mai ɓacewa da kansa, wanda ke goge hira bayan awa 24, ko kwana 7, ko kwana 90. Mai iPhone ya duba saitin saƙonni, kada ya kasance a kan kwana 30 ko shekara ɗaya, ya mai da shi na dindindin. Imel ɗin da ka jefa kwandon shara na Gmail kwana 30 yake yi ya tafi, ka ciro shi. Sannan ka buɗe hirar WhatsApp ɗin, ka fitar da ita gaba ɗaya ta hanyar da manhajar ta tanada, sau biyu: da hotuna da muryoyi, wanda ke ɗaukar saƙo har 10,000 na baya-bayan nan, da kuma rubutu zalla, wanda ke kai 40,000. Ka ajiye a wuri biyu, ɗaya a kwamfuta ko filas, ɗaya a imel ɗinka. Kada ka sake wa fayil suna, kada ka buɗe shi ka gyara ko da harafi. Wayar kanta, in da hali, a ajiye ta da cajarta da lambar sirrinta, a sayi wata don yau da gobe.

Hoton allon waya, wanda yawancinmu muke taƙama da shi, shi ne shaida mafi rauni. Sunan da ke sama kai ka rubuta shi. "Alhaji Maraɗi" ba ya nuna wa alƙali ko wane ne. Abokin shari'a zai ce an yanko tsakiyar magana, ko ya ce ƙirƙira aka yi, kuma yaro ma ya iya ƙirƙirar irinsa yau. In za ka ɗauka, ka sa lambar mutumin ta fito cikakkiya da +227 ɗinta, kwanan wata ya fito, kowane hoto ya haɗa da layin ƙarshe na wanda ya gabace shi don a ga ba a tsallake komai ba. Haka hoton gini ko rasit: wanda aka turo ta hanyar da aka saba, WhatsApp ya matse shi ya cire bayanan da ke cikinsa na rana da wuri da irin wayar da ta ɗauka. Ka ce a turo maka shi a matsayin fayil, a kuma bar asalin a wayar da ta ɗauka.

Idan kuɗin mai yawa ne, kada a yi rowar kuɗin wisiye, wato jami'in da doka ta ba ikon rubuta shaidar abin da ya gani, wanda a nan tun 1 ga Yuli 2022 ake kira kwamishinan shari'a. Zai riƙe wayar, ya rubuta samfurinta da lambarta, ya bi saƙonnin ɗaya bayan ɗaya, ya sa hannu. Abin da ya gani da idonsa tabbatacce ne a kotu sai an kawo hujjar da ta rushe shi. Masanin na'ura kuma yakan kwafe wayar ya fitar wa kwafin wata lamba mai harafi 64 da ake kira SHA-256, tamkar darmar da ƴan duwan, wato kwastan, ke ɗaure wa tirela: aka taɓa ko ɗigo ɗaya, lambar ta canza. Muryoyinmu da Hausa suke, don haka sai tafinta mai rantsuwa ya juya su Faransanci. Fassarar ɗanka ko abokinka, komai iya harshensa, abokin shari'a zai yi jayayya da ita.

Yanzu ga abin da ya fi damunmu. Mutum ya tuna ya taɓa yin zagi cikin fushi, ko ya faɗi wata magana da za ta cuce shi, sai ya goge. Don Allah kada a yi. Ɗaya ɓangaren yana da nasa kwafin, giɓin zai fito, daga nan kuma duk gaskiyarka ta zama abin zargi. A Faransa alƙali na da ikon yanke abin da ya ga ya dace daga ƙin fito da shaida. Lalata shaidar wani laifi don a ɓoye gaskiya ɗaurin shekara 3 ne da tarar yuro 45,000, haka ma ƙirƙirar jabu. Ƴan'uwanmu na Amurka nasu ya fi tsanani: tun da ka hango za a yi shari'a, adanawa ta zama wajibi, kuma ƙa'ida ta 37(e) ta kotunan tarayya, yadda aka gyara ta a 2015, ta ba alƙali damar ɗauka cewa abin da ka goge da gangan a kanka yake, har ya kori ƙararka. A jihar Bajiniya a 2011, wani lauya ya sa wanda yake karewa ya share hotuna 16 daga Facebook. Hotunan sun fito daga baya, aka ci su tarar dala 722,000, lauyan 542,000, mai ƙarar 180,000. Maganar da kake jin kunyarta, lauyanka za ka nuna wa. Sirrinka amana ne a wuyansa, kuma ya san yadda zai yi bayaninta.

Akwai kuma masu wuce gona da iri wajen neman shaida. Buɗe wayar miji ko ta mata a ɓoye, shiga imel ɗin wani, naɗar maganar sirri ba da sanin mai ita ba: dokar laifuka ta Faransa ta tanadi ɗaurin shekara 1 da tarar yuro 45,000 a kan keta sirrin saƙo da naɗar murya a ɓoye, idan kuwa miji ko mata aka yi wa, shekara 2 ne da yuro 60,000. Gaskiya ne a ranar 22 ga Disamba 2023 kotun ƙoli ta Faransa ta ce ana iya karɓar shaidar da aka samo ta bayan fage, amma sai idan babu wata hanya kuma ba a zarce buƙata ba. Alƙali ne ke auna wannan, ba kai ba. Tambayi lauya kafin ka danna.

Kada kuma a watsa shaida a zaurukan WhatsApp don a kunyata wani. In ka yi haka, ka sanar da shi abin da ke hannunka, ka ba shi damar share nasa, ka kuma buɗe wa kanka ƙofar ƙarar ɓata suna. A Nijar dokar laifukan intanet ta 3 ga Yuli 2019 tana aiki, kuma a Yunin 2024 an maido da hukuncin ɗauri a kan ɓata suna da zagi ta na'ura. Mai niyyar zuwa gida hutu ya riƙe wannan.

Roƙonmu ga shugabanni: masu kula da zauren ƙungiya su daina goge saƙonnin da suka shafi kuɗi, ma'aji ya riƙa fitar da hirar zauren adashi da na gudummawa duk ƙarshen wata yana ajiyewa tare da rasit. Wanda ke da rigima a hannu yanzu, ya same mu bayan an tashi da wayarsa da cajarsa, mu fitar da hirar tare kafin ya koma gida.

Mun gode, Allah ya bar zumunci. Wassalamu alaikum.