Tsarabar Damagaram: cakulan, alewa da zafin hanya

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da warhaka. Yau muna Damagaram, kuma zancen namu na matafiyi ne, wanda ya gama abin da ya kawo shi, gobe da asuba zai kama hanya, yara kuma suna can gida suna jiran a buɗe jaka. Wane kayan zaƙi zai saya ya isa gida yadda ya saye shi?

Mu fara shiga kanti. Ga kwalayen biskit, ga minti, ga cakulan cikin takarda mai ƙyalli. Cakulan ɗin ido yake fara kai wa, yara ma shi suke so. Amma kafin ka miƙa hannu, dubi inda mai kanti ya ajiye shi. Cikin firigo yake, ko a kan kanta kusa da ƙofa inda rana ke dukansa tun hantsi?

Ga dalilin tambayar. Cakulan na asali da man koko ake yin sa, man nan kuwa yana narkewa a wajen digiri 34, ƙasa da zafin jikin mutum, shi ya sa da ka sa shi a baki sai ya bi harshe. A watannin Afrilu da Mayu zafin Damagaram yakan haura digiri 40. Daga nan zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, yini guda cur a mota. Ko Kano za ka, wajen kilomita 240, in jakarka tana can ƙasan mota cikin kaya, abin da za ka fitar a gida ya zama kunu.

Ku dubi cakulan in an ɓare shi. Wani lokaci za ku ga fari-fari ya rufe shi. Ba fumfuna ba ce. Alama ce ya taɓa narkewa ya sake daskarewa, man ya taso sama. Ba ya cutarwa, sai dai santsi da daɗin sun ragu. A garin da wuta ke zuwa tana ɗaukewa, ko na firigo yakan gamu da wannan. Don haka ka ɗan latsa takardar da yatsa. In ka ji layukan da aka tsaga a jikinsa suna nan daram, lafiya lau. In ka ji ya taru gefe guda, mayar da shi. Ba rashin kunya ba ne ka ce, “Alhaji, don Allah a ba ni na cikin firigo, tafiya gare ni.” Mai kanti na kirki da kansa zai tambaye ka, “Ina ka nufa, Malam?” ya zaɓo maka wanda zai jure.

Juya bayan takardar kuma. Yawancinsu da Faransanci aka rubuta. In ka ga beurre de cacao, na man koko ne: ya fi daɗi, ya fi tsada, ya fi saurin narkewa. In ka ga graisse végétale, an sa wani man, sau da yawa na kwakwar manja, irin wannan yakan ɗan fi jure zafi. Ka duba ranar ƙarewarsa. Tsadar kuma kada ka ɗora wa mai kanti laifi duka. Koko ba ya fitowa a ƙasarmu, bishiyar daji mai ruwa ce. Kodebuwa da Gana ke noma fiye da rabin na duniya, kuma a 2024 farashin tan guda ya wuce dalar Amurka 10,000 saboda amfanin gona ya lalace a can.

Ni dai shawarata, ɗauki cakulan kaɗan don faranta wa yara, sauran kuɗin ka hau kabu-kabu ka nufi Kasuwar Dole. Nan ne tsarabar da aka yi ta domin irin wannan rana tamu.

Ga alewa. Sukari ake dafawa da ɗan ruwan tsami har ya yi danƙo, sai a yi ta ja ana ninkewa, ana ja ana ninkewa. Iskar da ke shiga ciki ita ke mayar da ita fara, ita ke sa ta karye ƙaras a haƙori. Zafin mota bai cika damun ta ba, laima ce abokiyar gabarta. In da damina ne, a ɗaure bakin leda tam, in ba haka ba ta manne wuri guda.

Ga nakiya, garin shinkafa da mai da sukari ko zuma, da ƙamshin citta da kanumfari. Wannan takan yi watanni ba ta lalace ba, shi ya sa ba a raba ta da garar amarya. Ga alkaki, na alkama da aka soya aka tsoma a zuma ko ruwan sukari. Shinshina shi, in man ya tsufa hanci zai gaya maka. Ga kantun riɗi, ga dakuwa, ga busasshen dabino irin wanda ake saukowa da shi daga Agadas da Bilma. Tuwon madara da gullisuwa kuwa, tun da madara ce, sai ka tambaya: “Inna, na yaushe ne?” Za ta ce na yau ne, ta kuma gutsuro maka ka ɗanɗana. Karɓi, ɗanɗanon shi ne shaidar.

Baƙonmu na Najeriya, ka kula da lissafi a nan. Da dala ake ƙirga sefa, dala ɗaya sefa 5 ce. In Inna ta ce maka ashirin, sefa 100 take nufi. Jika ɗaya kuma sefa 1,000.

Manyan gida fa? Ba a baro Damagaram ba tare da aikin fata ba. Garin nan, wanda shi ne babban birnin Nijar har 1926, ya daɗe da suna wajen jima da dukanci. Takalmi, alabe, jakar hannu, tumtum, duk za ka samu. Buɗe cikin jakar ka dubi ɗinkin, don daga waje kowace kyakkyawa ce. Ka jiƙa yatsa ka goga a jikin jar fatar, in launi ya biyo hannunka sosai, farar rigar Baba ma zai biyo.

Saura shirya jaka. Kada ka haɗa fata da kayan zaƙi wuri ɗaya, domin mai yana jan wari, cakulan da nakiya za su isa gida suna warin jima. Alewa da alkaki su shiga roba mai murfi don kada su farfashe. Shi kuwa cakulan, shi za ka saya a ƙarshe, da daddare, ya kwana a firigo. Da asuba ka naɗe shi cikin tufafi a tsakiyar jakar hannu, ko cikin ƙaramar kula tare da gorar ruwa mai ƙanƙara, a ledarsa daban don kada ya jiƙe. Ka riƙe shi kusa da kai, nesa da tagar da rana ke shigowa. In kun isa, ya ɗan huta a wuri mai sanyi ya sake kamewa kafin ka kira yara.